Ko Bulala Takan Komar da Yaro Aji?

An buga ƙararrawa, malami yana tsaye a bakin ƙofar makaranta da tsumagiya a hannu. Yaron da aka aika ɗebo ruwa tun asuba ya hango waɗanda suka makara suna durƙushe a rana. Sai ya yi lissafi: in ya shiga, bulala da sharar fili suna jiransa, in kuwa ya ratse ya ɓuya a gindin mangwaro har a tashi, yau dai ya tsira. Kashegari laifi ya zama biyu, tsoro kuma ya ƙaru. Ta haka makarar minti goma takan zama fashin mako guda.

Da labari ya iso gida, iyaye masu bi da yawa sukan tuna da Karin Magana 13:24, wadda ta haɗa ƙauna da horo. Ayar gaskiya ce, yaron da ba a kwaɓarsa kuwa an cuce shi. Amma Manzo Bulus ya gargaɗi ubanni a Afisawa 6:4 kada su tsokani 'ya'yansu har su husata, a Kolosiyawa 3:21 kuma ya faɗi dalili, wato kada yaran su karai. Yaron da ya karai da makaranta, duka ba ya mayar masa da zuciya. Ƙafafunsa kaɗai yake mayarwa, su ma na 'yan kwanaki.

Saboda haka tambaya ta fari ita ce, me yaron yake gudu? Wani an kore shi sau uku saboda kuɗin ƙungiyar iyaye da malamai, kunya ta hana shi komawa. Wani ya kai aji biyar bai iya karatu ba, kullum a tashe shi a gaban allo 'yan aji su yi dariya. Wata ta fara al'ada, makarantar kuwa ba ta da makewayi mai ƙofa. Akwai kuma wanda iyayensa da kansu suka koya masa fashi: ranar kasuwa ya ɗauki talla, lokacin kaka ya tafi gona, sa'an nan ranar da ya yi fashi don kansa su ɗauko bulala. Abin lura ne cewa dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004, wadda ta wajabta karatun shekara 9 kyauta a Nijeriya, ba yaro ta ɗora wa laifi ba. Iyaye ta kama: tsawatawa a karo na fari, tarar naira 2,000 ko ɗaurin wata 1 a karo na biyu, bayan haka naira 5,000 ko wata 2.

Wani lokaci ma dalilin yana cikin jikin yaron. Daga 1998, a gundumar Busiya ta yammacin Kenya, aka riƙa ba yaran makarantun firamare 75 maganin tsutsar ciki. Sakamakon da masana Edward Miguel da Michael Kremer suka buga a 2004 ya nuna fashi ya ragu da kashi ɗaya bisa huɗu. Da an bi waɗannan yara da sanda, da an hukunta marasa lafiya ke nan.

Hukunci yana da wurinsa. Yaron da yake ƙoshe, lafiyayye, an biya masa kome, amma ya zaɓi gidan kallon ƙwallo ko tawagar abokai, yana bukatar tsawatawa mai ƙarfi. Ko a nan, hukuncin da ya fi amfani shi ne wanda ya shafi laifin: ya rubuta aikin da ya wuce shi, a hana shi fita wasa sai ya gama, uba ya raka shi har ƙofar aji. Dakatar da mai fashi daga makaranta kuwa, ba shi abin da yake nema ne.

Kafin a yanke kowane hukunci, ya kamata uba ko uwa su je makarantar ba tare da sanarwa ba, su roƙi malamin aji ya buɗe rajista. A duba ko fashin yana faɗuwa a rana ɗaya kowane mako, ko a ranar darasin wani malami. Da dare kuma, bayan addu'ar iyali, a miƙa wa yaron littafinsa na aji, a ce ya karanta layi uku da ƙarfi.