Filin Shawara: Ɗana ya mayar da titi filin tsere

 Ɗana na fari shekararsa 19. Tun yana ƙarami yake son mota, amma daga lokacin da ya kamu da kallon Fast & Furious da sauran fina-finan tsere, abin ya wuce gona da iri. Watan jiya maƙwabciyata ta nuna min bidiyonsa a wajen kai amarya, yana wasan mota da motar babansa, ƙura ta turnuƙe, ga yara tsaye a bakin titi. Babansa ya ce a ƙwace wayarsa, a hana shi kallon gaba ɗaya. Ni kuma ina tsoron ya ƙara kangarewa. Don Allah ya zan yi?

Uwa mai fargaba, Kaduna

'Yar'uwa, Allah ya shirya mana zuri'a. Makullin mota za ku fara karɓa, yau ɗin nan. Idan kun ƙwace waya, zai kalla a ta abokinsa. Amma ranar da sitiyari ya ƙwace masa a cikin taron yara, babu kukan da zai dawo da ɗan wani.

Maganar kallo kuwa, ina roƙon Alhaji babansa ya sassauta. Fast & Furious, wanda aka fara a 2001, tatsuniya ce: ana rufe tituna, ƙwararrun direbobi su yi wasan, kwamfuta ta ƙarasa sauran. Ki tambayi ɗanki yadda tauraron fim ɗin, Paul Walker, ya rasu. A watan Nuwamba na 2013 ne, a kan titin gari a Amurka, motar Porsche da abokinsa ke tuƙawa da gudu ta daki turken fitila da bishiya ta kama wuta. Shekararsa 40.

Maganin wannan tatsuniya shi ne ku nuna masa tseren gaske. Ku nemi fim ɗin Rush na 2013, labarin Niki Lauda da James Hunt a gasar Formula 1 ta 1976. (Alhaji ya fara kallonsa shi kaɗai, don akwai wuraren sharholiyar Hunt da ya kamata a tsallake.) Lauda shi ne zakaran duniya a lokacin, kuma shi ya nemi abokan tserensa su ƙaurace wa filin Nürburgring na Jamus saboda haɗarinsa, suka rinjaye shi. A tseren nan motarsa ta kama wuta, fuskarsa ta ƙone, hayaƙi ya illata huhunsa, har aka fid da rai da shi. Mako shida kacal ya koma cikin mota a Italiya, ya zo na huɗu.

Amma wurin da nake so ku tsayar da fim ɗin yana gaba. A tseren ƙarshe a Japan, ana ruwa kamar da bakin ƙwarya, Lauda ya zagaya sau biyu ya ajiye mota, don ya ga ransa ya fi kofi. Da maki ɗaya tak Hunt ya ɗauke kambun. Nan za ki juya ki tambayi ɗanki: wannan mutumin matsoraci ne? Ki bar shi ya amsa da kansa. Lauda ya sake zama zakara a 1977 da 1984, ya rayu har 2019.

Sai kuma Senna na 2010, wanda babu ɗan wasa ko ɗaya a ciki, hotunan ainihi ne aka harhaɗa. Ayrton Senna ɗan Birazil, zakaran duniya sau uku, ya rasu ranar 1 ga Mayu, 1994, a filin Imola, yana da shekara 34. Ga ƙwarewa, ga hular kwano, ga likitoci a gefe, duk da haka kwana ɗaya ta ɗauke shi. Bayan rasuwarsa aka tsaurara matakan kariya sosai. Shi ya sa a 2020 a Bahrain, da motar Romain Grosjean ta rabe biyu ta kama wuta, ya fito da ƙafarsa, da ƙuna a hannuwa: yana sanye da rigar da ke jure wuta, akwai ƙarfen kariya a saman kansa, motar likita na biye da motocin tseren a baya. Ɗanki fa, da me ya shiga titi ranar bikin nan?

Kada ku kashe masa son mota, 'yar'uwa. Bayan kowane direban Formula 1 akwai ɗaruruwan injiniyoyi. Lokacin hutu ku kai shi garejin bakaniken da kuka yarda da shi, ya koyi yadda birki da taya ke aiki, ya shiga makarantar koyon tuƙi ya sami lasisi ta hanyar da ta dace. Makulli kuma ya zauna a aljihun babansa har sai kun ga canji da idonku.

Wasiƙa ta biyu: Anti barka da aiki. Ni budurwa ce, ina son kallon shirin Drive to Survive da tsofaffin fina-finan tsere, amma yayyena suna min dariya wai wannan harkar maza ce. Shin da gaske babu mata a ciki?

Ƙanwarki daga Maraɗi

Ƙanwata, akwai su. Lella Lombardi 'yar Italiya ta sami rabin maki a tseren Formula 1 na Sifaniya a 1975, kuma har yau ita kaɗai ce macen da ta shiga jerin masu maki a gasar. Michèle Mouton 'yar Faransa ta zo ta biyu a gasar rali ta duniya a 1982, cikin motar Audi, ta bar maza da yawa a baya. An yi fim ɗin tarihinta mai suna Queen of Speed. Ki nemo shi ku kalla tare da yayyen naki. Tunda kina son tsofaffi, ki haɗa da Grand Prix na 1966, wanda aka ɗauka a filayen tsere na gaske kuma ya ci lambar Oscar uku. Ki dai kula kada kallon dare ya cinye miki karatu da sallar asuba, kuma ki sake rubuto min in ji me yayyen suka ce.