Yadda Ake Auna Gigin Tsufa Tun Daga Farkonsa

Daga cikin abubuwan da suka fi tsaya mini a rai a aikina na duba tsofaffi a asibiti, akwai yadda jama'armu, saboda kunya da ladabin da suka gada, sukan ga alamomin gigin tsufa ga iyayensu shekara da shekaru, su yi ta cewa halin girma ne, har sai ran da dattijo ya fita masallaci ya kasa gane hanyar gida, sa'an nan a kawo mana shi, alhali kuwa lokacin da taimako ya fi amfani ya riga ya wuce. Haƙiƙa tsufa yakan zo da 'yar mantuwa, amma wanda ya manta inda ya ajiye carbinsa daga baya ya tuna, hukuncinsa dabam yake da na wanda rafkanwa ta yawaita masa a salla har ƙabli da ba'adi suka rikice masa, bayan kuwa shi ne ya karantar da su ga 'ya'yansa. Wannan na biyu cuta ce ta ƙwaƙwalwa, wadda Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta masu fama da ita sun haura miliyan 55, mafi yawansu da nau'in da likitan nan Bajamushe Alois Alzheimer ya siffanta a 1906.

Gwajin da ya fi shahara a duniya shi ne wanda Folstein da abokan aikinsa suka wallafa a Amurka a 1975, mai maki 30, inda ake tambayar mutum kwanan wata da inda yake, a ba shi kalmomi uku ya riƙe, a sa shi ya riƙa cire bakwai-bakwai daga ɗari, ya rubuta jimla, ya kwaikwayi zane. Sai dai duk wanda ya gwada shi ga tsohuwar da ba ta taɓa riƙe alƙalamin boko ba, ya san zai iya yi mata hukuncin zalunci, domin za ta faɗi gwajin alhali hankalinta garau yake. Saboda wannan matsala ne masu binciken Ibadan da Indiyanafolis, waɗanda suka fara aiki a 1992, suka yi amfani da ma'aunin da ba ya dogara ga karatu, wanda kuma yake haɗa amsar tsoho da shaidar wanda yake zaune da shi.

Bisa wannan ƙa'ida nake aiki. Nakan zaunar da dattijo, mu gaisa a tsanake, in ce, "Baba, wace salla muke jira yanzu? Wane wata muke ciki? Yaushe kasuwar garinku take ci?" Sa'an nan in roƙe shi ya lissafa mini sunayen dabbobi gwargwadon abin da ya samu cikin minti ɗaya, in karanta masa kalmomi goma in nemi ya maimaita su bayan ɗan lokaci, in jera tsinken ashana huɗu a kan tebur cikin wata siffa, in watsa su, in ce ya mayar. A nan ne nakan ga hannun da ya shekara arba'in yana auna hatsi a kasuwa ya tsaya cak a kan tsinke na uku, mai shi yana murmushi yana cewa idonsa ne ba ya gani sosai. Bayan haka nakan keɓe da matarsa ko 'yarsa, domin ba a tona asirin babba a gabansa, in tambaya ko ya fara kuskuren canji, ko yana maimaita tambaya ɗaya, ko kuma, in tsohuwa ce, ta fara barin tukunya a wuta.

Wajibi ne a fahimta cewa awo ɗaya ba ya yanke hukunci, kamar yadda zura guga sau ɗaya ba ya nuna ko ruwan rijiya ja da baya yake yi. Sai an sake gwajin bayan wata shida ko shekara, an kwatanta mutum da yadda shi kansa yake a da. Kafin nan kuma mukan binciki abubuwan da suke kama da gigin tsufa amma suna jin magani, irin su ciwon damuwa, da ƙarancin sinadarin B12, da raunin aikin ƙullin maƙogwaro, da kurumta, da illar wasu magungunan barci. Ko da ta tabbata cutar ce, wadda har yau ba ta da maganin warkewa, sanin ta da wuri yana ba da damar a tsare hawan jini da ciwon suga waɗanda suke ƙara lalata jijiyoyin ƙwaƙwalwa, dattijo ya yi wasiyya ya sauke amanar mutane tun hankalinsa yana tare da shi, iyali kuma su daina zargin sammu ko aljanu ko taurin kai.

Saboda haka ina kira ga 'ya'ya da jikoki, idan kun ga canji a hankalin mahaifi ya ɗore wata da watanni, ku kai shi a auna, ku tafi da wanda ya fi sanin halinsa na yau da kullum, ku kuma koma ranar da aka sa muku, domin wannan ma yana cikin biyayyar da Allah ya ɗora muku. Allah ya sa mu gama da iyayenmu lafiya.