Zaɓen Kaza Mai Natsuwa Don Zama Da Ƙananan Kaji

Mai kiwon kaji a bayan gida, in nasa ƙananan nan ne da a ke kira bantam, ba ya daɗewa sai ya ji sha'awar ƙaro wata a cikinsu, ko don ƙwai, ko don kwanci, ko kuwa don ado kawai. Abin da ya kan fara tambayar mai sayarwa shi ne, ƙwai nawa ta ke yi a shekara? Mu kuwa a ganinmu wannan tambaya a ƙarshe ya kamata ta zo. Ta fari ita ce, yaya halinta? Gama kaza guda mai faɗa ta isa ta hana goma ci da sha, guda mai kwakwazo kuma ta isa ta ɓata tsakanin mutum da maƙwabcinsa. Saboda haka muka ga ya kyautu mu tattara abin da muka koya a kan wannan al'amari, ko ya amfani 'yan'uwanmu.

Asalin bantam

Sunan ya samo asali daga Banten, wata tashar jiragen ruwa da ke yammacin tsibirin Jawa, cikin ƙasar Indunusiya ta yau. Can matuƙan jiragen Turawa suka riƙa sayen waɗansu 'yan ƙananan kaji, har sunan wurin ya bi kowace ƙaramar kaza. Kada a ɗauka ita ce durgun kazar da muka sani. Durgu ƙafarta ce gajera, bantam kuwa dukan jikinta ne ƙarami. Waɗansunsu ba su da manyan 'yan'uwa, kamar irin Sebright, wanda Sir John Sebright ya fitar a Ingila a farkon shekarun 1800, macensa ba ta cika wuce rabin kilo da yawa ba. Waɗansu kuma manyan iri ne aka ƙanƙanta su, suka koma kamar rubu'in nauyinsu na asali. Duk wadda za mu kawo, sai mu tuna za ta zauna ne da abokan da galibinsu ba su kai kilo guda ba.

Natsuwa iri biyu ce

Ta ɗaya ita ce ƙarancin hayaniya, ta biyu sanyin hali. A game da hayaniya, babu kazar da ba ta kuka. Ƙwai ya kan ɗauki kamar sa'a 25 kafin ya haɗu a cikinta, in ta saka shi kuwa sai ta yi kyarkyara, yawanci da hantsi. Wannan halittarta ce, ba wanda zai hana ta. Bambancin shi ne wata ta yi kaɗan ta yi shiru, wata kuwa ko ganye ya motsa sai ta tada unguwa. Cara ta zakara ce, kuma kaza ba ta bukatarsa kafin ta yi ƙwai, sai dai in ana son a ƙyanƙyashe.

Sanyin hali ya fi wuyar ganewa, shi ne kuwa ya fi muhimmanci. Kaji suna da girma-girma a tsakaninsu. Wani masani ɗan ƙasar Norwe, Thorleif Schjelderup-Ebbe, ya bayyana wannan a rubuce a shekarar 1922: akwai wadda ke saran kowa ba mai saranta, akwai ta ƙarƙashinta, haka har zuwa ta ƙarshe wadda kowa ke sara. Ta sama ita ke fara ci, ita ke zaɓen wurin kwana. Da an kawo baƙuwa sai tsarin ya rushe, a shiga faɗa har kowace ta san matsayinta. In baƙuwar ta ninka su nauyi sau huɗu, ga ta kuma mafaɗaciya, sara ɗaya a ka na iya kashe ƙaramar kaza. Wadda ba ta mutu ba sai ta riƙa laɓewa, ta rame, ta daina ƙwai.

Irin kajin da halayensu

Leghorn, wadda sunanta ya fito daga birnin Livorno na Italiya, gwanar ƙwai ce, tana kuma jure zafi. Amma firgita gare ta, ga tashi sama, ga yawan kuka, ba ta kuma cika yin kwanci ba. Ba ita ce abokiyar zaman ƙaramin gida ba. Rhode Island Red ta Amurka ita ma mai ƙwai ce ƙwarai, ga ƙarfin jiki, sai dai sau da yawa ta kan so ta mallake na ƙasa da ita.

Waɗanda suka yi suna wajen sanyin hali su ne Orpington da Brahma da Cochin. Orpington, William Cook ne ya fitar da ita a lardin Kent na Ingila a 1886, baƙa ce da fari, mai ruwan ƙasa-ƙasa ta biyo baya a 1894. Macen ta kan kai kilo 3 ko fiye, tana yarda a ɗauke ta, tana kwanci da kyau. Cochin daga ƙasar Sin aka kai ta Ingila cikin shekarun 1840. Brahma kuwa a Amurka aka fitar da ita wajen shekarun 1850, daga kajin da aka kawo daga Shanghai, macenta ta kan kai kilo 4. Waɗannan biyu gashi har ƙafa, tafiyarsu a hankali, ba su tashi sama. Aibinsu wurin zama da bantam nauyi ne, don ko ba da nufi ba sai su taka ƙarama a bakin abinci.

Australorp, wadda aka fitar a Ostireliya daga baƙar Orpington, da Sussex ta Ingila, su ne matsakaita: halinsu da sauƙi, ƙwansu da yawa, jikinsu bai kai na Brahma ba. Sai Silkie, 'yar ƙarama mai nauyin kilo guda ko sama kaɗan, mai yatsu biyar, mai baƙar fata da baƙin ƙashi, gashinta kamar auduga. Ba ta iya tashi, ba ta faɗa, wajen kwanci kuwa da wuya a sami wadda ta fi ta, har ƙwan wasu tsuntsaye a kan sa mata. Ƙwanta kaɗan ne, kamar ɗari a shekara. Ita tsoron da a ke yi mata dabam ne, watau kada ƙananan su taru su cuce ta, gama bantam ma akwai masu zafin rai, tun ba irin da suka fito daga kajin faɗa ba.

Abin da muka fahimta daga wannan duka shi ne, mafi sauƙin zama da bantam ita ce wadda ta yi kusa da su a girma. Tun da ya ke akwai ƙanƙantattun Orpington da Brahma da Sussex, masu ɗauke da yawancin halin manyansu, wanda ya sami ɗaya daga cikinsu ya huta. In kuwa lalle babba a ke so don ƙwai, to a nemi matsakaiciya. Babban zakara kam kada a kusantar da shi, don nauyinsa zai ji wa ƙananan mata ciwo wajen barbara.

Maganar zafi

Yawancin abin da aka rubuta a kan waɗannan kaji a ƙasashen sanyi aka rubuta shi, dole mu auna shi da ƙasarmu. Kaza ba ta gumi. Zafin jikinta wajen digiri 41 ne, ba ta da hanyar rage shi sai haki da buɗe fukafukai, da abin da ke fita ta zankonta da leɓenta. A Kano ko Sakkwato zafin bazara ya kan wuce digiri 40. Kaza mai nauyi mai tulin gashi, irin Cochin ko Brahma, ita ke fara galabaita, wani lokaci har ta mutu. Da damina kuma gashin ƙafa ya kan kwashi laka, Silkie in ruwa ya doke ta sai ta jiƙe har fata. Wanda ba shi da inuwa mai kauri, da ruwan sanyi kullum, da busasshen akurki, gara ya haƙura da su. Kazar gidanmu ta Hausa ƙarama ce, ta saba da zafi, ta iya kwanci da renon 'yan tsaki. In an dace da mai sanyin hali a cikinsu, ba abin rainawa ba ce.

Duban kaza kafin saye

Sunan iri alama ce kawai, ba tabbaci ba. Uwa ɗaya ta kan ƙyanƙyashe mai haƙuri da mafaɗaciya. Saboda haka in da hali a je gidan da aka yi kiwonta, a watsa tsaba, a koma gefe a zuba ido. Wadda ke ci tana barin na kusa da ita su ci, ita a ke nema. Wadda ke bin wasu da sara bayan ta ƙoshi, a bar wa mai ita. Sa'an nan a ɗauke ta a hannu: mai natsuwa ta kan yi 'yar fizga kaɗan ta lafa. Amma fa a lura, shirun rashin lafiya dabam ne da na hali. Kazar da ta takure, idonta a lumshe, hancinta na yoyo, ko gindinta ya ɓaci da zawo, ba natsattsiya ba ce, mara lafiya ce. A buɗa gashin ƙarƙashin fiffike a duba ko da ƙwarƙwata. Sagara wadda ba ta fara ƙwai ba ta fi tsohuwa saurin sabo, don ba ta riga ta saba da mulki ba.

Yadda a ke shigar da baƙuwa

Da fari a keɓe ta nesa da sauran har mako uku ko huɗu, da kaskon ruwanta da na abincinta dabam. Dalili kuwa shi ne annobar kajin nan da a ke kira cutar Newcastle, wadda aka fara ganewa a 1926 a tsibirin Jawa da birnin Ingila mai wannan suna. Ta kan ɓoye a jikin kaza kwana 2 zuwa 15 kafin ta bayyana, a ƙasarmu ta fi tsanani da hunturu, tana kuwa iya share akurki ƙaf cikin 'yan kwanaki. Ga kuma murar tsuntsaye, wadda ta ɓulla a Nijeriya a 2006. Cibiyar binciken lafiyar dabbobi da ke Vom kusa da Jos tana yin maganin rigakafin cutar Newcastle, sai a nemi malamin dabbobi ya ba kajin duka. Rigakafi ya fi magani.

Bayan wannan a sa ta cikin keji a tsakiyar sauran har mako guda, suna ganin juna ba su iya taɓa juna. Sa'an nan a sake ta cikin akurkin da dare, lokacin da kaji ba su gani sosai, su wayi gari tare. Baƙi biyu sun fi guda sauƙin karɓuwa, don faɗan ya kan rabu. A ajiye abinci da ruwa wuri biyu, nesa da juna, yadda mai ƙarfi ba za ta iya tsare duka ba. A kifa kwando ko akwati mai ƙaramar ƙofa wadda bantam kaɗai ke iya shiga, ya zama mafakarsu. Sandan kwana kuma a yi biyu: na sama don ƙananan, masu son tashi, na ƙasa don mai nauyi.

'Yar hatsaniya ta kwana biyu ko uku ba abin damuwa ba ce, da haka su ke sanin juna. Amma da an ga jini sai a ware mai raunin nan da nan, gama kaji in sun ga ja ba su barin sara. In mako biyu ya wuce baƙuwar ba ta daina cin zali ba, a fitar da ita, kada a ce sai ta gyaru.

Wanda ya bi waɗannan matakai zai yi kamar wata guda yana ɗawainiya kafin ya ga amfanin abin da ya saya, watakila kuma ƙwan da zai samu bai kai na mai Leghorn ba. Amma ƙananansa za su ci su ƙoshi, su ci gaba da ƙwai da kwanci, maƙwabci kuma ba zai yi sallama da ƙara ba. Zama lafiya, in ji Hausawa, ya fi zama ɗan sarki, mun kuwa ga har a cikin akurki haka abin ya ke.