Darasin Tattalin Arziki: Yadda Sana'ar Baƙi Jamusawa Ta Gina Garin Blumenau

A ranar 2 ga watan Satumba na shekarar 1850, Jamusawa 17 suka sauka a bakin kogin Itajai-Asu, cikin dajin jihar Santa Katarina ta kudancin ƙasar Barazil, bisa jagorancin wani masanin haɗa magunguna, Dokta Hermann Blumenau. Wannan ɗan zango shi ne ya zama garin Blumenau, wanda ƙidayar 2022 ta nuna yana da mutane fiye da dubu 360. Abin nazari a nan shi ne yadda garin da ba shi da ma'adini ko tashar jiragen ruwa ta teku ya zama cibiyar masana'antu.

Dalili na farko shi ne tsarin rabon ƙasa. A wancan zamani arzikin Barazil ya dogara ne ga manyan gandayen rake da kofi, inda bayi ke aiki har zuwa 1888. A Blumenau kuwa, ƙananan gonaki aka yanka wa iyalai. Kowane gida yana sayar da rarar amfaninsa, kamar man shanu da taba, ya kuma sayi sutura da kayan aiki. Ta haka kasuwa ta kafu tun kafin masana'anta ta zo.

Dalili na biyu shi ne sana'ar hannu. A 1880 wasu 'yan'uwa biyu, Hermann da Bruno Hering, waɗanda suka gaji saƙa a yankin Saksoni na Jamus, suka fara saƙa riguna da ƙaramin inji, iyalansu ne ma'aikata. A 1882 masaƙar Karsten ta biyo baya. Da Yaƙin Duniya na Ɗaya ya katse shigo da kaya daga Turai, sai masaƙun garin suka sami hanyar shiga sauran kasuwannin ƙasar.

Wannan gado ya sha jarrabawa. Daga 1938 gwamnatin Getulio Vargas ta rufe makarantun da ke koyarwa da Jamusanci, daga baya aka hana magana da harshen a bainar jama'a. Harshen ya raunana, amma ƙwarewa ta ɗore. A 1969 masu masaƙun suka haɗa hannu suka kafa Cetil, cibiyar kwamfuta mai riƙe musu lissafi, kuma daga nan garin ya sami ƙwararrun da suka kafa kamfanonin manhaja. Wannan sabon reshe ya yi rana bayan 1990, lokacin da Barazil ta buɗe ƙofa ga kayan waje, masaƙu suka sallami ɗimbin ma'aikata.

Har ila yau, a 1983 da 1984 kogin ya yi ambaliya, ruwa ya haura mita 15. A watan Oktoba na 1984 garin ya ƙirƙiro bikin Oktoberfest irin na Jamusawa domin farfaɗo da ciniki, bikin da ya zama babbar hanyar samun kuɗi ga otal-otal da 'yan kasuwa.

Ya kamata masu zuba jari su lura da jerin abubuwan nan. Baƙin ba su zo da babban jari ba. Abin da suka zo da shi sana'a ce, suka same ta da masu saye a kusa, suka riƙa mayar da riba cikin garin. Biki da gine-ginen gargajiya da ke jawo masu yawon buɗe ido, shekara ɗari da kafuwar masaƙa suka fara kawo kuɗi.