Darasi Na Goma Sha Biyu: Wane Ne Likita?

Mu mutanen Gaya mun san darajar sana'a. Tarihi ya ce maƙeran farko da suka zauna a gindin Dutsen Dala daga Gaya suka tafi, suna neman tama. Har yau ba mu kai garmarmu ga wanda bai zauna a maƙera ba. Mukan tambaya, wa ya koya masa? Shekara nawa ya yi yana zuga? To, in haka muke yi saboda garma, ina ga jikinmu da na 'ya'yanmu? A wannan darasi za mu koyi yadda ake gane likita na gaskiya, da aikin da yake yi a gari irin namu.

Farar riga ba shaida ba ce

Mun saba kiran duk wanda ya sa farar riga likita. Mai kemis likita, malamin asibiti likita, har yaron da ke yawo da jaka yana yin allura gida gida shi ma likita. Wannan kuskure ne. Farar riga dai tela ne ke ɗinka ta, kowa kuwa yana iya saye. Abin sauraren ƙirji ma ana sayar da shi a kasuwa.

Ga misali. Wani manomi ɗansa ya kwana da zazzaɓi. Maimakon ya kai shi asibiti, sai ya kira wani mai jaka, domin shi ya fi kusa, kuma kuɗinsa kaɗan ne. Mai jaka bai auna jinin yaron ba. Ya tsira masa allura a ɗuwawu, a wurin da bai kamata ba. Akwai wata babbar jijiya da ta bi ta nan ta gangara har tafin ƙafa. Allura ta same ta. Zazzaɓi ya tafi, amma yaro ya tashi yana jan ƙafa. Uban ya sayar da gero da akuya yana neman magani. Mai jaka kuwa ya sake gari. Araha ba ta ado.

Akwai wani haɗari kuma. Allurar da aka yi wa wani da ita, in aka sake yi wa wani, tana iya ɗauko ciwon hanta ko cuta mai karya garkuwar jiki ta kai wa mai lafiya.

Yadda ake zama likita

Hanyar tana da tsawo. Bari mu ƙirga tare.

Yaro yakan yi shekara 6 a firamare, ya yi 6 a sakandare. Lalle ne ya ci jarrabawar Turanci da lissafi da darussan kimiyya uku. Sa'an nan ya shiga jami'a ya yi shekara 6. Da fari yakan koyi yadda aka gina jikin mutum, da yadda kowace gaɓa ke aiki. Daga baya ya shiga asibitin koyarwa, yana bin manyan likitoci gado gado. In ya ci jarrabawar ƙarshe sai a ba shi takardar shaida mai haruffa huɗu, watau MBBS.

Duk da haka ba a sake shi ba tukuna. Sai ya yi shekara 1 yana aiki a ƙarƙashin manya: wata uku a sashen cututtukan manya, wata uku a tiyata, wata uku a sashen yara, wata uku a sashen mata da haihuwa. Bayan wannan yakan yi shekara 1 ta bautar ƙasa, wadda aka fara a 1973. Ku haɗa: 6 da 6 da 6 da 1 da 1. Shekara 20 ke nan.

Dā can ba mu da wurin koyon wannan aiki a Arewa. Likita na farko ɗan Arewa shi ne Dokta Barau Dikko, mutumin Wusasa ta Zariya. A Ingila ya yi karatunsa, kuma sunansa aka sa wa babban asibitin koyarwa na Jihar Kaduna. An kafa jami'a a Ibadan a 1948, aka buɗe asibitin koyarwarta a 1957. An kafa Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya a 1962. A Kano an kafa Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano a 1988, inda ɗaliban Jami'ar Bayero ke koyon aiki. Yanzu yaron Kademi ko na Toranke yana iya zama likita ba tare da ya bar jihar Kano ba.

Hukumar da ke riƙe da littafi

A 1963 gwamnati ta yi doka ta kafa hukumar likitoci. Yau ana kiranta MDCN, hedkwatarta tana Abuja. Ita ke riƙe da littafin sunayen likitocin Nijeriya, kowa da lambarsa. Wanda ya yi karatu a wata ƙasa, kamar Masar ko Sudan, shi ma sai hukumar ta yarda da shi kafin ya fara aiki. Kowace shekara likita yakan sabunta lasisinsa. In ya yi sakaci ko ya ci amana, hukumar tana da ikon dakatar da shi, ko ta soke sunansa. Wanda ya kira kansa likita alhali sunansa ba ya cikin littafin, ya karya doka.

Asibiti mai zaman kansa shi ma sai da izini. A jihar Kano akwai hukumar da ke yi wa irin waɗannan asibitoci rajista, ana kiranta PHIMA. Takan zaga, takan kuma rufe wanda ta samu ba shi da takarda.

Likitan iyali

Bayan shekarun nan 20, wasu likitoci sukan ƙara karatu su ƙware a abu guda. Wani ido, wani ƙashi, wani zuciya. Akwai kuma wanda yakan ƙware a duba gida gaba ɗaya, daga jariri har kaka. Shi ne likitan iyali. Yakan ƙara shekara 4 ko fiye yana koyo, ya ci jarrabawar kwalejin manyan likitoci ta ƙasa, wadda aka kafa a 1979, ko ta Afirka ta Yamma.

Irin wannan likita shi ya fi dacewa da ƙaramin gari, gama a nan babu likita goma da za a raba wa aiki. Da safe ya duba yaro mai zazzaɓin cizon sauro, ya sa a ɗiga jininsa a auna kafin a ba da magani. Ya auna dattijo, in ya ga awon jininsa yana kai 140 bisa 90 ko fiye a kai a kai, ya san hawan jini ne, ya sa shi kan magani. Ya duba mai ciwon sukari, da mai tarin fuka, da wanda ya faɗo daga babur. Da dare a tashe shi saboda mace ta daɗe tana naƙuda.

Yana da abu biyu da mai jaka ba shi da su. Na ɗaya, yana rubutu. Abin da ya gani yau yana cikin katinka, in ka dawo baɗi zai duba. Na biyu, ya san iyakar saninsa. In ciwo ya fi ƙarfin kayan aikin Babban Asibitin Gaya, sai ya rubuta takarda ya tura ka Kano ta hanyar Wudil, ko Asibitin Murtala ko na Malam Aminu Kano. Kada mu ce ya kasa. Wanda ya ce yana maganin kowace cuta, shi ne abin tsoro.

Sauran ma'aikatan lafiya

Likitoci ba su da yawa, waɗansu kuma sun tafi aiki ƙasashen waje. Saboda haka a ƙauyuka kamar Shagogo da Balare, wanda za mu fi samu a asibitin sha-ka-tafi shi ne malamin asibiti ko nas ko ungozoma. Su ba likitoci ba ne, amma su ma sun yi makaranta, kuma kowane rukuni yana da hukumarsa da lasisinsa. Suna yin awon ciki, suna karɓar haihuwa, suna maganin ƙananan cututtuka. Su ke yi wa jarirai rigakafi: ranar haihuwa, da mako 6, da mako 10, da mako 14, da wata 9, da wata 15. Da taimakonsu aka kori ƙwayar shan inna ta asali, har aka tabbatar da haka a 2020. In abu ya fi ƙarfinsu sai su tura wa likita.

Mai kemis kuwa izininsa na sayar da ƙananan magunguna ne a cikin kwalinsu. Ba a ba shi izinin yin allura ko ƙarin ruwa ba, balle ya kwantar da marar lafiya ko ya yi tiyata. In za mu sayi magani, mu duba lambar NAFDAC da ranar da zai lalace.

Abin da za mu yi

Ga amfanin karatun da muke koya. Dā takarda a bango ado ce a wurinmu. Yanzu muna iya karanta ta. In mun shiga asibiti mai zaman kansa, mu duba abu uku. Sunan da ke takardar shi ne na mutumin da ke zaune? Lasisin na bana ne? Asibitin yana da takardar izini? In ba mu ga kome ba, mu tambaya cikin ladabi. Likita na gaskiya ba ya fushi da tambaya, matambayi kuma ba ya ɓata. In mun ga wanda muke shakka, mu gaya wa mai unguwa ko dagaci, su kai magana sashen lafiya na ƙaramar hukuma.

Mu ma akwai namu haƙƙi. Mu kai marar lafiya da wuri, kada mu jira sai ya galabaita. Mace mai ciki in ta ga jini, ko ta kumbura, ko ta fara jijjiga, a kai ta nan take, ko maigida yana gona. Mu faɗa wa likita gaskiyar abin da muka sha, ko jiƙo ne ko na kemis. Mu shanye magani yadda aka ce. Mu ajiye kati kamar yadda muke ajiye takardar gona. Sa'an nan mu bar 'ya'yanmu, maza da mata, su yi karatu mai zurfi, domin wata rana likitan Gaya da na Ajingi su zama 'ya'yan garin.

Tambayoyi

1. Shekara nawa ake yi a jami'a kafin a sami MBBS?
2. Wace hukuma ke riƙe da sunayen likitoci? A wace shekara aka kafa ta?
3. Faɗi abu biyu da mai kemis ba shi da izinin yi.
4. Me ya sa likita yakan tura marar lafiya Kano?
5. Rubuta a allonka: Rigakafi ya fi magani.