Yadda Ɗalibi Zai Tsara Ayyukansa

Lokacin koyarwar gwaji yakan zo da ayyuka jingim: shirya darasi, duba littattafan yara, cika rajista, ga kuma karatun jarrabawa. Wanda ya dogara da kansa kaɗai wajen tunawa, wata rana malamin da ke duba koyarwa zai shigo aji ya same shi ba shiri.

Da fari, zaɓi wuri ɗaya tak inda za ka riƙa rubuta ayyukanka. Littafin aljihu ba ya bukatar caji. Waya kuwa tana da ƙararrawa mai tunasarwa, amma takan janye hankalin mutum zuwa hira. Ɗauki guda ka riƙe, gama taura biyu ba ta taunuwa.

Na biyu, rarrabe ayyukan. A 1954 Shugaba Eisenhower na Amurka ya yi magana a kan bambancin abu mai gaggawa da abu mai muhimmanci. Kiran aboki gaggawa ne kawai. Shirin darasin mako mai zuwa kuwa ba ya kiranka, amma da shi za a auna ka.

Na uku, David Allen ya ba da shawara cikin littafinsa na 2001 cewa aikin da bai wuce minti 2 ba a yi shi nan take.

Sa'an nan kowane dare, kafin ka kwanta, fitar da ayyuka uku na gobe, ka fara da mafi wuya tun da sassafe. Wanda ka gama, ja masa layi.