Kafin a Sauya wa Motar Ƙungiya Kayan Ciki

'Yan'uwa manoma, darasinmu na wannan wata a kan motar ƙungiya ne, wato irin tsofaffin motocin nan masu ja da ƙafa huɗu, Land Rover da Hilux da Land Cruiser. A ƙasar Babura ba sai an gaya wa kowa amfaninsu ba. Da an sauka daga kwalta sai rairayi, motar da ke ja da ƙafa biyu kuwa in ta ɗauki buhunan gero ko riɗi, ba ta nisa sai ta zauna. A wajen Roni da Gwiwa kuma ga tudu da tsakuwa da zaizayar damina. Wannan ya sa ƙungiyar da ta gaji irin motar nan ba ta son rabuwa da ita.

Amma motocin sun tsufa. Land Rover ƙirar Series III an fara yin ta a 1971, aka daina a 1985, wato ƙaramar cikinsu ma ta kai shekara 40. Sababbin kayanta sun yi wuya, saboda haka in wani abu ya lalace, akan tura mutum Kano, kasuwar Ƙofar Ruwa, ya samo na hannu da aka kwance daga wata mota. Wannan ba laifi ba ne, gama da haka motocin nan suka rayu har yau. Abin da darasin nan yake so mu gane shi ne, ƙarfe yana iya shiga gurbinsa daidai, kusoshi su ɗauru, amma bai dace da sauran kayan motar ba.

Abin da ya faru da mu

Ƙungiyarmu tana da Land Rover doguwa, mai inci 109. Wata shekara ta fara kuka a gaba, makaniki ya ce difarenshal ne, wato haƙoran da ke cikin kumburin nan na tsakiyar aksil. Aka tara kuɗi, aka sayo wani, aka ɗaura. Direba ya gwada ta a kwalta, lafiya lau, muka biya muka yi godiya. Bayan kwana uku ta ɗauki wake daga ƙauye. Da ta iso rairayi direba ya danna maɓallin nan mai ruwan ɗorawa don ƙafafun gaba su kama. Sai mota ta soma nishi tana haƙa rami, gaba na jan baya. Da ƙyar ta fita, tana hawa ƙasa mai tauri sai muka ji ƙara kamar an karya tabarya. Sandar ƙarfen da ke juya taya ɗaya ta baya ta tsinke. Wake ya kwana a daji da mai gadi, ranar kasuwa kuma ta wuce mu.

Makanikin bai cuce mu da gangan ba, bai ƙirga haƙora ba ne kawai. Mu ma ba wanda ya san ana ƙirgawa.

Lissafin haƙora

Ga yadda abin yake. Inji yana juya giya, giya tana juya furofela, wato dogon bututun ƙarfen da ke ƙarƙashin mota. A bakin furofela akwai ƙaramin ƙarfe mai haƙora, shi ke juya babban faifai mai haƙora a cikin aksil, faifan kuma ya juya tayoyi. A Land Rover irin tamu babban yana da haƙora 47, ƙaramin 10. In ka raba 47 da 10 ka sami 4.7, ma'ana furofela sai ta juya sau 4.7 kafin taya ta juya sau ɗaya. Range Rover ta dā da Defender kuwa nasu 46 ne da 13, wato 3.54. Daga waje kusan kamarsu ɗaya, kuma wannan yana shiga gurbin wancan. Irin na biyun aka sayo mana.

Yanzu ku yi lissafin da kanku. In furofela ta juya sau 10, tayoyin baya masu 4.7 za su juya sau 2 da ɗan kaɗan, na gaba masu 3.54 kuwa kusan sau 3. Kamar ka haɗa bijimi mai sauri da tsohon sa a garma ɗaya ke nan. Muddin motar tana ja da ƙafa biyu, furofelar gaba a sake take, ba a jin kome, shi ya sa gwajin kwalta bai nuna mana ba. Da an sa ƙafa huɗu, gaba da baya a kulle suke tare, gama irin motar nan ba ta da difarenshal na tsakiya da zai sasanta su. A rairayi tayoyi suna iya sulɓewa, sai motar ta yi ta haƙa. A ƙasa mai tauri ba sulɓewa, dole wani ƙarfe ya karye.

Masu Hilux kada su ce wannan ciwon Land Rover ne. Tun da aka fara yin Hilux mai ƙafa huɗu a 1979, an yi ta da lissafi iri iri, akwai 4.10, da 4.30, da 4.56, da 4.88, kuma gidan da suke zama iri ɗaya ne. A can ma tazarar ƙarama ce, saboda haka ɓarnar takan zo a hankali, taya ta cinye, giya ta riƙa ƙin fita, har ranar da wani abu zai fashe.

Ana iya gwadawa ba tare da an kwance kome ba. A tsai da mota a fili mai tauri, a sa duwatsu gaba da bayan tayoyin da ke ƙasa. Wannan wajibi ne, domin birkin hannu na Land Rover furofela yake riƙewa, kuma sai an sake shi kafin a yi gwajin. A sa giya a sake, motar tana kan ƙafa biyu. A ɗaga taya ɗaya da jak, a sa kututture a ƙarƙashin aksil, kada kowa ya shiga ƙarƙashin motar da jak kaɗai ke riƙe da ita. A yi alama da alli a jikin taya, a yi wata a jikin furofela. Mutum ɗaya ya juya tayar sau biyu cif, ɗaya yana ƙirga juyin furofela. In ta juya sau 5 ba kaɗan, 4.7 ke nan. In sau 3 da rabi ne, 3.54 ne. A yi wa baya, a yi wa gaba. In Hilux ce mai makulli a tsakiyar tayoyin gaba, a kulle su tukuna. Amsar gaba da ta baya dole su zama ɗaya.

Taya ma cikin lissafin take. Gajeriyar Land Rover mai inci 88 ta zo da taya 6.00-16, doguwar da 7.50-16. Wanda ya sa manya a baya, ƙanana a gaba, ya jawo ciwon nan dai, ta wata ƙofa.

Sa'ad da za a je sayen kaya, a tafi da tsohon a hannu, ko da ya karye. Sandar da ke juya taya tana da tsagi a bakinta, tsofaffi tsagi 10, na baya-bayan nan 24. A ƙirga a gaban mai shago, a kuma yi magana da shi cewa in bai dace ba za a maido.

Maganar inji

Nan ne ƙungiyoyi suka fi zumuɗi. Injin Land Rover na asali mai lita 2.25 ba shi da gudu, na gas ɗin ƙarfinsa bai wuce na doki 62 ba. Sai wani ya ce a sa injin Toyota, ko 200Tdi da ya fito a cikin Discovery a 1989, mai ƙarfin doki 111. Ana yi, kuma motar takan farfaɗo. Amma giyabos da sandunan aksil an ƙera su ne domin ƙaramin injin. In direba mai zafin ƙafa ne, ga lodi, ga rairayi, ƙarfin da aka ƙara a kansu zai huce. Birki kuma bai ƙaru ba don inji ya ƙaru. Injin wani kamfani ba ya haɗuwa da giyabos sai da farantin haɗi, in kuwa aka yanka shi a karkace, kulochi zai riƙa ci kowane 'yan watanni ba a san dalili ba. A duba lagireto ma, ko zai iya sanyaya sabon injin a zafin Afrilu.

Tun da aka janye tallafin fetur a 2023, wasu suna so su koma injin gas. Kafin a yanke shawara, ma'aji ya rubuta kuɗin injin da na aiki, da farashin litar kowanne a gidan mai, da yawan tafiyar da motar ke yi a shekara. A ganina, motar da ke aiki wata huɗu kawai a shekara, gara a yi wa injinta na asali garambawul. In an sauya kuwa, a karɓi rasit mai lambar inji, a kai takardun mota ofishin lasisi a gyara, musamman mu da ke bakin iyaka da Nijar, inda shingen bincike ba ya ƙarewa.

Sifirin

Injin gas ya fi na fetur nauyi, shi ya sa gajeriyar Land Rover mai fetur take da ganye 9 a sifirin ɗin gaba, mai gas 11. Wani abin da ba kowa ya sani ba, sifirin na gefen direba ya fi na ɗaya gefen lanƙwasa. Nijeriya ta koma tuƙi a hannun dama a 1972, saboda haka motocin da suka riga wannan shekara sitiyarinsu a dama yake, sifirin ɗinsu kuma in aka ɗaura wa ta baya yadda aka kwance shi, motar za ta karkata. A sauya su biyu biyu, dama da hagu tare, kuma kada a ƙarasa ɗaure kusoshin bakin sifirin sai an sauke motar ta tsaya da nauyinta a ƙasa. Ƙara ganye don a ƙara buhu kuwa ba ya ƙara wa aksil ƙarfi, ko shasi, wanda tsatsa ta riga ta ci.

Aikin wannan wata

A taro mai zuwa a kawo motar, da jak, da alli. Direba da mutum biyu su yi gwajin gaba da baya a gaban kowa, har da mata, gama kuɗinsu na ciki. Magatakarda ya buɗe shafi a littafin ƙungiya ya rubuta lissafin da aka samu, da girman taya, da lambar inji, da yawan ganyen kowane sifirin, da duk abin da aka tuna an taɓa sauyawa da motar da aka ciro shi. Wanda za a aika Kano nan gaba ya kwafi shafin ya tafi da shi.